Ƙananan Taurari a Matsayin Tafintoci: Nazari a kan The Poisonwood Bible

A darasin ƙagaggen labari, manhajar Hausa ta sakandare takan tsaya ne a kan babban tauraro, sai a jero sunayen ƙananan taurari a wuce. Wannan nazari na ganin a nan ake yin asara, kuma littafin The Poisonwood Bible na Barbara Kingsolver, wanda ya fito a Amurka a 1998, ya isa misali.

Labarin na iyalin wani ɗan mishan ne, Nathan Price, da ya kwashi matarsa Orleanna da 'ya'yansa mata huɗu daga jihar Jojiya zuwa ƙauyen Kilanga na ƙasar Kwango a 1959, ana gab da samun 'yancin kai daga Beljiyam a 1960. Matan nan biyar su ke ba da labarin bi da bi. Amma duk wani ilimi mai amfani a littafin yana hannun mutanen ƙauyen ne. Mama Tataba, mai aikin gida, ita ta nuna wa Nathan ya yi kunya a lambunsa. Ya baje ta, ruwan sama ya wanke shukar. Daga bakinta kuma aka ji dalilin da ya sa jama'a suka ƙi baftisma a kogi, wato kada ya taɓa cinye wata yarinya a wurin. Anatole, malamin makaranta, shi ke fassara wa'azi, yayin da yaro Nelson ke koya wa 'yan matan harshen Kikongo.

Wurin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne kalmar bangala, wadda sunan littafin ya samo asali daga gare ta. A labarin, in an furta ta ta wata hanya tana nufin abu mai daraja, ta wata hanyar kuma itacen da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Nathan ya yi ta wa'azi da lafazi na biyu alhali yana nufin na farko. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin karin sauti kaɗai ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Ke nan masu sauraro sun san kuskuren tun ranar farko, mai wa'azin ne kaɗai bai sani ba. Haka kuma lokacin da Tata Ndu, sarkin ƙauyen, ya sa aka kaɗa ƙuri'a a cikin coci kan addinin da Nathan ya kawo, makamin Turawa ya ɗauka ya juya musu shi.

Sai dai littafin yana da rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Marubuciyar ta ba mutanen Kilanga hikima amma ta hana su baki, domin ko babi ɗaya ba a bar wani ɗan Kwango ya ba da labari ba. Hatta Anatole, wanda daga baya ya auri Leah ya kuma sha ɗauri a zamanin Mobutu, ta idon matarsa muke ganinsa. Mama Tataba kuwa tana gama aikinta na faɗakarwa ta fice daga labarin.

Tarihin rubutun Hausa ya san irin wannan. Ɗorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, shi ya ba ɗan mishan J. F. Schön labarai da dama da suka shiga Magana Hausa na 1885, amma sunan Schön ne a bangon littafin.

Ɗaliban Hausa na Agege a Legas, inda cinikin goro da layin dogo suka tara Hausawa, sun fi kowa cancantar wannan darasi. Yaron da ke Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turanci a aji, ya sha yi wa iyayensa tafinta, ya kuma san abin da tafinta ke ragewa ko ƙarawa. Don haka ana ba da shawara malami ya taƙaita musu labarin lambun da Hausa, sa'annan su sake rubuta shi daga bakin Mama Tataba, kafin a gwada wannan dabara a kan Waziri Aku na Magana Jari Ce.