Me ya cancanci a ci a tashar Gidimuni?

Duk matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas a kan babbar hanyar da ke zuwa Gure da Difa, in ya wuce Mirya, da wuya motarsa ta ƙi tsayawa a Gidimuni. Kafin direba ya kashe inji, mata da ƴan mata sun kewaye tagogi da farantai da ƙwarya, kowace tana kiran abin da ta ɗauko. Matafiyi ba shi da lokaci mai yawa, cikinsa kuma ɗaya ne. To, me ya kamata ya zaɓa? Mun saba yin sharhi a kan waƙa da wasan kwaikwayo da littafi, amma abin da ke shiga bakinmu kullum mun bar shi ba mai auna shi, sai ka ce ba aikin gwaninta ba ne. Alhali kuwa mai damun fura tana da ƙa'idojin sana'arta kamar yadda mawaƙi yake da nasa, kuma ita ma tana iya gwanancewa ko ta yi kure.

Kafin a yanke hukunci, sai a san mudun da za a yi awo da shi. Gidimuni gari ne na bakin kwari. Tafkinsa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019, shi ke shayar da lambunan rake da rogo da albasa da kabeji, dabino na tsaye a gefensa, ana kamun kifi a cikinsa, ƙasarsa kuma tana fid da kanwa. A kan tudu akwai gonakin gero da wake da garken Fulani. Mudun da na ɗauka ke nan: abincin da ya cancanci a tsaya dominsa shi ne wanda, in ka kai shi baki, za ka ji wannan kwari da wannan tudu a cikinsa. Wanda za ka iya samu da ɗanɗano iri ɗaya a Yamai ko Kwatano, ko da ya yi daɗi, ba shi ne ya kawo mu ba.

Da wannan mudu, fura ce a gaba. Aikinta ya fi yadda ake zato tsawo: a surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da barkono, a cura, a dafa cikin tafasasshen ruwa, a mayar turmi a kirɓa har ta yi danƙo, sannan a sake curawa a barbaɗe da gari. Furar da ta sha kirɓi ba ta gardama da ludayi, tana narkewa cikin nono ba gudaji, yajinta kuma sai bayan an haɗiye yake sallama. Ga ta kuma da dandalinta, domin a gindin ƙwaryar nono ne Babarbare da Bafulatana suke buɗe wasan da ke tsakaninsu, kowa yana cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa, irin wasan nan na barkwanci da UNESCO ta amince da shi a matsayin gadon Nijar a 2014. Sai dai dole a faɗi gaskiya: furar tasha kashi biyu ce yanzu. Akwai ta nonon shanu, akwai kuma wadda aka dama da madarar gari, aka cika mata sukari da ƙanƙara, aka ƙulle a leda. Ta biyun tana kashe ƙishirwa, amma zaƙi ya danne tsamin nono da ƙamshin gero, waɗanda su ne furar.

Na biyu dambu ne, kuma a ganina shi ne gwajin hannun mace. Tsakin gero ake turarawa a madambaci, a sauke, a haɗa da zogale da albasa, a mayar ya sake turara, sannan a zuba man gyaɗa da yaji. Dambu mai kyau yana warwarewa a hannu, kowace ƙwaya ita kaɗai, ganye da tsaki ba wanda ya rinjayi wani. In ya cuɗe, ruwa ya yi yawa. In ya shaƙe maƙogwaro, an yi rowar mai ko an yi gaggawar saukewa. Ƙanensa shi ne kwaɗo, na zogale ko rama ko tafasa, da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa. A nan akwai wani rauni da ya kamata malamai su lura da shi. Tun bayan yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a jihohin Damagaram da Maradi, mutane da yawa suna kallon cin ganye a matsayin alamar rashi, har yaro ɗan makaranta yakan ɓoye kwaɗonsa in ya ga abokinsa da taliya. Wannan kunya ba ta da tushe. Kwaɗon da aka daidaita gishirinsa da ƙulinsa abinci ne cikakke, kuma ya girmi yunwar da ake jingina shi da ita.

Ɗanwake kuwa shi ne ya fi kowa alaƙa da tafkin, saboda ba ya yiwuwa sai da kanwa. Garin wake da na rogo ko dawa, kuka da ruwan kanwa, su ke ba shi santsi da duhun launinsa. Abin takaici, shi ne kuma ya fi kowa lalacewa. Na ci wani a tashar wanda kusan duk fulawa ce, fari fat, yana manne wa haƙori, babu ko ƙamshin wake. Sunan ya rage, abin ya tafi. Kifin tafki, tarwaɗa ko karfasa, in aka soya shi a gabanka aka barbaɗa yaji, ba ya buƙatar mai yi masa kirari. Sharaɗinsa ɗaya ne, man suyar kada ya zama wanda ya kwana uku a kasko.

Mai karatu zai ce ina kilishi, ina alkaki, su da sunan Damagaram ya yi tafiya da su? Ban manta ba. Kilishi ya kai matsayin da Ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde ta yi masa rajista da sunan Nijar a 2023, tare da albasar Galmi, kuma ya cancanta. Yanka nama har ya yi kamar takarda, a shanya, a tsoma cikin labu, a sake shanyawa, a nuna wa wuta, wannan ilimi ne na gado. Alkaki ma, da alkamarsa da ɗan tsaminsa da zumarsa, ƙawar garar amarya ne. Amma dukansu biyu guzuri ne da tsaraba, an yi su ne don su jure tafiya, kuma a birni aka fi ƙwarewa da su. Wanda ya tsaya a Gidimuni ya cika cikinsa da kilishi ya yi kamar wanda ya je bakin rijiya ya sha ruwan gorarsa. Ya saya ya sa a jaka, ya haɗa da rake da dabino, mutanen gida za su gode.

Akwai abu ɗaya da ya bi duk waɗannan kwanuka ya daidaita su, wato dunƙulen ɗanɗano na kanti. Da, miyar kuka daddawa take nema, a nan ƙasar kuwa musamman daddawar batso da ake yi da ƴaƴan yakuwa, kuma daddawar kowane gida da irin ƙamshinta. Yau dunƙule ya shiga miya, ya shiga yaji, ya shiga dambu da kwaɗo, har harshe ya kasa rarrabe hannun wance da na wance. Ba zan ɗora wa mata laifin duka ba. Itace ya yi tsada, daka yana cin yini, ribar ba ta taka kara ta karya ba, mai saye kuma shi ne farkon mai cewa abinci ya yi lami in bai ji dunƙule ba. Mai sayarwa bakin mai saye take bi. Saboda haka gyaran daga harshenmu zai fara.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane darajar irin wannan abinci. A 2020 UNESCO ta sa al'adar rumfunan abinci na Singafo cikin gadon ƴan Adam, a 2021 ta sa dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senegal, a 2024 kuma acaken Kodebuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero. Singafo ba ta kai nan da kirari ba. Masu talla ta tara a ƙarƙashin rufi, ta ba su ruwa da wurin zama da dokar tsabta. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin farantin da muke yabo sau da yawa yana kan yarinyar da ya kamata a ce tana cikin aji a wannan sa'a. Rumfa mai inuwa da randar wanke hannu, inda uwa za ta zauna ta sayar da kanta, za ta kare abincin daga ƙura, ta kuma mayar da yarinyar makaranta. Wannan aiki ne da ƙungiyoyin al'adu za su iya kai wa hukumar gari.

Malamai kuma nasu ya fi sauƙi. A tura ɗalibi wurin kakarsa ya rubuto da Hausa yadda ake fura ko dambu, daki-daki, da kalmominsu: surfe, bakace, tankaɗe, kirɓi, turare. Kalma tana mutuwa ne ranar da aikin da take nufi ya mutu, kuma injin niƙa ya riga ya fara yi mana wannan jana'iza.

In Allah ya kai ka Gidimuni, ya mai karatu, fara da dambu, ka bi shi da kifi in ka ga an tsamo shi a gabanka, ka rufe da furar ƙwarya. Kafin ka biya, tambayi mai furar ko da hannu ta kirɓa. In ta ce i, ka yaba mata a gaban jama'a, domin gwanin da ba a yaba wa ba ya daɗewa yana wahalar da kansa.