Naci da Gado: Tarken Taken Naruto a Labarin Masashi Kishimoto

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba taken da tauraron labarin Naruto ya ɗora rayuwarsa a kai, sannan a auna ko mawallafin ya riƙe darasin naci da ya faro da shi har ƙarshe. Masashi Kishimoto, mutumin Japan, ya fara buga labarin cikin zane a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, ya kammala a 2014 da babi 700 cikin juzu'i 72. An kuma nuna shi a talabijin daga 2002 zuwa 2017. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne, na sha jin ɗalibaina suna kafa hujja da shi in ana maganar jajircewa.

2.0 Taken da Ma'anarsa

A duniyar labarin, ninja, watau mayaƙin ɓoye, yakan zaɓi ƙa'idar da zai rayu a kanta, wadda ake kira nindo. Ta Naruto ita ce ba ya gudu, kuma ba ya janye maganar da ya furta. Wannan ba haƙuri ba ne irin na jure abin da ya sami mutum. Naci ne wanda aka ɗaure da alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Mawallafin ya gina wannan jigo da kyau a farko. Naruto maraya ne, mutanen garin Konoha suna ƙyamarsa saboda dodo mai wutsiya tara da aka kulle a jikinsa, kuma sau 3 yana faɗuwa jarrabawar fita makaranta. Duk da haka ya ce sai ya zama Hokage, watau shugaban garin. Da abokinsa Sasuke ya gudu, ya yi wa Sakura alkawarin komo da shi. Ya kasa a karon farko, bai kuwa cika alkawarin ba sai a ƙarshen labari, bayan ya rasa hannunsa na dama. Ta nan mai karatu yake ganin cewa cika magana yana da tsada.

3.0 Inda Jigon Ya Yi Rauni

A jarrabawar ƙarin matsayi, Neji Hyuga ya dage cewa haihuwa ce ke yanke wa mutum makoma. Naruto ya kayar da shi, aka ɗauka ƙoƙari ya rinjayi gado. Amma in an lura, da ƙarfin dodon nan ya yi nasara, abin da ba aikinsa ne ya ba shi ba. Daga baya aka bayyana cewa mahaifinsa, Minato, shi ne Hokage na huɗu, mahaifiyarsa Kushina kuma daga zuriyar Uzumaki take, masu yawan ƙarfin da labarin ke kira cakara. Bugu da ƙari, kusa da ƙarshe aka ce shi ne magajin ruhin Asura, ɗan wanda ya kafa tushen ilmin ninja. Ashe ke nan, hujjar da aka rusa a bakin Neji mawallafin ya sake gina ta da hannunsa.

4.0 Rock Lee a Matsayin Ma'auni

A ganina, wanda ya fi cancanta a auna naci da shi shi ne Rock Lee. Ba shi da baiwar siddabarun ninja ko kaɗan, sai faɗan hannu da ƙafa da ya koya wurin malaminsa Might Guy ta maimaici dare da rana. A karawarsa da Gaara aka murƙushe masa hannu da ƙafa, amma ya miƙe tsaye alhali a sume yake. Bayan haka ya yarda aka yi masa aikin da rayuwa da mutuwa suke rabi da rabi a cikinsa, don kada ya bar tafarkinsa. Sai dai Lee ya sha kaye, kuma da labari ya yi nisa aka tura shi gefe.

5.0 Kammalawa

Bisa ga haka, darasi biyu ne a cikin taken Naruto, kuma ba su yi daidai a nauyi ba. Na farko, cewa mutum ya tsaya a kan maganarsa kome wuya, labarin ya tabbatar da shi. Na biyu, cewa naci kaɗai zai kai kowa ga mulki, labarin da kansa ya raunana shi. Wannan ya shafe mu, mu masu horar da malamai. In muka gaya wa yaro cewa ƙoƙari ba ya taɓa faɗuwa, ranar da ya yi iyakar yinsa ya kasa, kansa zai zarga, ko ya daina yarda da mu. Gara mu nuna masa Lee, wanda bai sami sarauta ba, amma ya kai inda ba wanda ya yi masa zato.