'Yan Amshi, 'Yan Kanzagi da Mai Jitar Bes: Wa Ke Riƙe da Kiɗa?

Idan Bahaushe yana son ya muzanta mutumin da ba shi da ra'ayin kansa, sai ya kira shi ɗan amshin Shata, in kuwa ya ga bai ji ciwo ba sai ya ƙara masa da ɗan kanzagi. Dukkan kalmomin nan biyu daga fagen kiɗa aka ɗauko su, kuma dukkansu sunayen ma'aikata ne waɗanda in babu su waƙa ba ta tsayawa da ƙafarta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin kallon da muke yi wa mutumin da ke tsaye bayan mawaƙi. A wannan sharhi ina so in ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, watau mai kaɗa jitar bes a ƙungiyar kiɗan zamani, in duba aikinsa a gaban jama'a, sa'an nan in tambaye mu, mu marubuta, dalilin da ya sa alƙaluminmu ya tsallake shi da takwarorinsa na gargajiya.

Jitar bes dai babbar jita ce mai wayoyi huɗu masu kauri, wadda amonta ke can ƙasa da na sauran kayan kiɗa. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da samfurin da ya yaɗu a duniya cikin 1951. Wayarta mafi kauri tana girgiza kamar sau 41 a daƙiƙa guda, shi ya sa mai sauraro yakan ji ta a ƙirji kafin kunne ya tantance ta. Aikinta shi ne haɗa ganga da karin waƙa: tana taka sawu ɗaya da mai ganga, tana kuma nuna wa mai rerawa inda karin ya dosa.

To, me mai wannan jita yake gani a fili? Da farko ba a gaba yake tsayawa ba, a gefen mai ganguna yake, kunnensa na kan bugun ƙafar abokinsa, idonsa na kan sawun masu rawa. Yakan maimaita gaɓa guda ta kiɗa har tsawon minti goma ba tare da ya yi mata ado ba, domin da zarar ya nemi burgewa to rawa ta watse. Idan aka shiga liƙi, mawaƙi ya bar waƙa ya koma kiran sunayen masu kari, shi ne zai riƙe zaren har a dawo. Idan mai babbar jita ya ɗauki zafi ya fara gudu, shi ne zai ja linzami ko ya saki. In ya yi daidai babu mai waiwayarsa, in kuwa ya kuskure kowa zai ji abin ya yi salam, amma ba kowa zai san inda gizo ke saƙar ba. Mu mutanen bakin ruwa mun san irin wannan matsayi, domin a kwalekwale wanda ke zaune a baya shi ke juya akalar tafiya, alhali na kan tudu na gaba suke fara hangowa.

Misali mafi kusa da mu yana ƙasar Nijar. Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, Buzu ne makaɗin jita da ya yi suna daga Agadas. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, da gangar inji da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a Sahara har suka ƙetare teku. Amma da ya fito da Afrique Victime a 2021, sai ga shi da ƙungiya ta mutum huɗu: shi, da Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a jitar bes, wanda kuma shi ne ya tsara ɗaukar faifan.

Duk wanda ya saurari faifan nan biyu a jere zai gane abin da nake nufi. A Anar kiɗan yana tafiya a miƙe kamar agogo, yadda ya fara haka zai ƙare, domin inji ba ya sauraron kowa. A waƙar da aka sa wa faifai na biyun sunanta, wadda ta haura minti bakwai, kiɗan yana farawa da natsuwa, yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan kamar raƙumin da ya hango gida, har jitar Mdou ta ɓarke da kuka. Masu yabo sun fi tsayawa kan wannan kuka. A ganina kuwa, abin da ya hana waƙar tarwatsewa shi ne bes da ganga, waɗanda suka riƙe gaɓa guda suna ɗaga ta tare ba tare da ɗaya ya wuce ɗaya ba. Wannan irin fahimtar juna a fagen biki ake koyonta, inda ake kwana ana kiɗa kuma masu rawa su ne alƙalai. Haka abin yake ga ƙungiyar Tal National ta Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, waɗanda faifansu Kaani ya fito kasuwar duniya a 2013 bayan sun shafe shekaru suna kiɗa na sa'o'i a gaban jama'ar garinsu.

Ba zan ce faifan Mdou ba shi da aibi ba. Ga kunnen Bahaushe, wanda ya saba da cewa magana ita ce sarauniyar waƙa, akwai wuraren da ƙarar jita take danne murya, har saƙon da ake son isarwa game da halin da Afirka ke ciki ya koma baya. Akwai kuma inda ita kanta bes ɗin take nutsewa ƙarƙashin hayaniya, sai mai sauraro ya kasa kunne sosai kafin ya tsamo ta. Duk da haka, faifan ya yi abu guda da ya cancanci yabo: an san sunan kowane makaɗi da abin da ya kaɗa.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙaramin abu ne, ko kuma mu kaɗai ke da ciwon. A Amurka an yi wani James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit cikin shekarun 1960, amma kamfanin bai saba rubuta sunayen makaɗansa a bangon faifai ba, sai a 1971 sunansa ya fito a faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Ya rasu a 1983, babbar karramawa kuwa sai a 2000 ta zo masa. Haka nan duk wanda ya yi samartaka da kaset ɗin Bob Marley ya taka rawa ne a kan bes ɗin Aston Barrett, mutumin da ya kai ƙara kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙinsa, ya kuma faɗi shari'ar a 2006. Ya rasu a 2024. Bambancinmu da su shi ne, su a ƙarshe an sami marubutan da suka bi sawun waɗannan mutane suka rubuta tarihinsu.

Mu dawo gida. Nazarin waƙar baka ya ci gaba ƙwarai a jami'o'inmu, kuma littattafan Sa'idu Muhammad Gusau, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka, sun shimfiɗa mana hanya. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya sami littafin tarihi sukutum, Shata Ikon Allah!, a 2006. Amma mu da muke koyarwa a aji, da mu da muke rubutu a mujallu, me muke yi? Mukan kwafe baitoci a takarda, mu fitar da jigo da salo da zubi, mu rufe littafi, kamar dai waƙar a bushe aka rera ta. Ina ƙalubalantar mai karatu ya ambaci sunayen mutum uku daga cikin masu kalangun Shata ba tare da ya duba littafi ba. A nan Yawuri muna alfahari da gidan Dandawo, daga Aliyu Dandawo mai taushi zuwa ɗansa Sani Aliyu Dandawo, kuma da yawanmu mun haddace waƙoƙinsu. To, su wane ne suka riƙe musu kiɗa da amshi? Ina suka koya? Yaya ake raba abin da aka samu bayan an tashi daga wasa? Yaya suke gane cewa maigida zai sauya ɗa a waƙa tun kafin ya buɗe baki? Waɗannan tambayoyi na adabi ne, domin amshi shi ke ba mawaƙi numfashin da zai ƙirƙiro ɗa na gaba, kiɗa kuma shi ke yanka masa tsawon layi.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne sauyin da fiyano ya kawo. Tun daga shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai fitar da ganga da bes da sarewa daga cikinsa. Ba na cikin masu tsine wa wannan na'ura, domin ta rage tsada, ta kuma buɗe wa dubban matasa hanyar abinci. Sai dai a yawancin bukukuwan da ake yi yanzu, daga Yelwa zuwa Wara, mawaƙi kan zo ne da kiɗansa a naɗe, a kunna masa, ya riƙe makirfo yana bi. Babu wanda zai ja masa linzami, babu wanda zai ƙara wuta in ya ga fili ya ɗauka. Sanin da ke hannun tsofaffin makaɗa kuwa ba a rubuce yake ba, a yatsu da kunne yake. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin yadda abu ke ɓacewa: da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da tsibirai masu yawa, abin da aka rubuta ko aka ɗauki hotonsa shi ya rage, saura sai labari a bakin tsofaffi.

Saboda haka ina ba 'yan uwa marubuta shawara uku. Ta farko, mai nazarin waƙa ya saurare ta da kiɗanta, ya faɗi kayan da aka kaɗa da sunan wanda ya kaɗa in ya samu, ya kuma nuna inda kiɗan ya taimaki magana da inda ya danne ta. Ta biyu, matasanmu masu neman abin rubutawa su ɗauki alƙalami da waya su shiga Yawuri da Ngaski da Shanga, su nemi waɗanda suka yi kanzagi ko amshi ko kiɗan jita a ƙungiyoyi, su tattauna da su tun suna raye. Ta uku ta masu ƙagaggun labarai ce. Sau da yawa a littattafanmu na soyayya akan gama da wurin biki da jimla guda, a ce makaɗa suka saki kiɗa aka yi ta rawa. Ga mutum can a gefe, yatsunsa sun yi kanta, yana kallon kuɗi na zuba a goshin wani, yana kuma sane da cewa in ya ɗaga hannu na daƙiƙa biyar fili zai mutu. Akwai haƙuri da kishi da alfahari a zuciyar wannan mutum, waɗanda sun isa su ɗauki littafi guda.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in an gama ɗora ta sai mu yaba wa wanda ke kan tsani mu manta da na ƙasa. Gyaran wannan ɗabi'a a fagen adabi aikinmu ne, kuma lokaci bai ƙure ba tukuna. Allah ya sa mu dace, amin.