Jinjina Ga Masu Farfaɗo da Amiga

A shekarar 1991 kamfanin Commodore ya fito da kwamfutar Amiga 500 Plus, ɗauke da ɗan batirin Varta da aka liƙa da dalma a jikin allon lantarkinta don riƙe agogo. Batirin nan ne ya zama ajalin da yawa daga cikinsu. Da ya tsufa sai ya fara yoyo, ruwansa ya cinye siraran hanyoyin tagulla, ya bar tsanwa a ƙafafun kayan da ke kusa.

Nan ne gwanayen Turai da Amurka suka cancanci yabo. Mutum zai kwance allon da ya lalace tsaf, ya ɗauki hotonsa ciki da bai, ya bi kowace hanya da ido yana sake zana ta a manhaja irin su KiCad, sannan masana'anta ta buga masa sabo fil. Aiki ne na haƙuri, domin idan hanya ɗaya ta kauce, kwamfuta na iya ƙin tashi.

Sai kuma lallaɓa Agnus da Denise da Paula, ƙwayoyin lantarkin da Commodore ya ƙera kafin ya durƙushe a 1994, a dasa su a sabon gida. Wasu gwanayen ma kyauta suke sakin zanensu ga duk mai so.