Jinjina ga Masu Shayin Cirozerin

Duk ma'aikacin da ya tashi daga aikin dare a Sonichar, inda ake ƙona kwal don bai wa Arlit da Agadas lantarki, ya san darajar mai shayi. Tun asuba ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butarsa. Yakan ɗaga hannu sama yana tsiyayawa cikin ƙaramin kofi, yana mayarwa, har kumfa ta taso. Sau uku ake dafa ganyen: na farko mai ɗaci ya kori barci, na ƙarshe zaƙi zalla. A gefe ga cukun da matan makiyaya suka shanya, ga dabinon Abzin. Masu shayi, sana'arku ta zaunar da Abzinawa, Hausawa da Zabarmawa kan tabarma ɗaya.