Gulbin da babu kowa a ƙarshensa: nazari a kan wasan Timberborn

Wanda ya ƙagi duniya, ya shimfiɗa mata dokoki, sannan ya ce da mutum shigo ka zauna, aikin marubucin labari ya yi, ko da kuwa da kwamfuta ya yi shi. Da wannan hujja ce muka ɗora wasan Timberborn bisa faifan nazari. Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Polan mai suna Mechanistry ne ya fito da shi a watan Satumba na 2021. Labarinsa gajere ne: ɗan Adam ya ɓata ƙasa ya shuɗe, gado ya koma hannun wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya da kaifin haƙori, wadda Faransawa ke kira kasto, wadda kuma tun asali sana'arta sare itace da datse ƙorama. Mai wasa shi ne magajin garinsu.

Ba a yaƙi a wannan wasa. Abokin gaba shi ne fari. Gulbi yana gudu, ƙasar da ke gefensa kore shar, sai a yi gargaɗi, bayan ƴan kwanaki idon ruwan ya ɗauke. Abin da ka tare shi ne naka. Nan ne gwanintar masu wasan take, domin ruwansu yana da hali irin na ruwa: yana bin gangare, yana taruwa a kwari, yana ƙafewa a hankali, in an matse shi ya haura gaci ya shiga gonar karas. Akwai shingen da ke toshe hanya ɗungurungum, akwai madatsar da ke barin rara ta tsallake, akwai ƙofar da ake ɗagawa a sauke. Duk wanda ya yi garaje ya toshe gulbi ba tare da ya bar masa mafita ba, zai wayi gari rumbunansa cikin ruwa. A 2024 aka ƙara gurɓataccen ruwa, mai kashe shuka da sa dabbobin ciwo, wanda dole a karkatar da shi kafin ya shiga tabki. Dabara ce mai kyau, don ta hana mai wasa yin gini sau ɗaya ya kwanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda launin ƙasa ke ba da labari ba tare da kalma ko ɗaya ba. Ruwa na ja da baya, kore na bin sa, itatuwan nesa su fara bushewa kafin na kusa. Ɗan Sahel ba ya buƙatar tafinta a nan.

To amma kowane labari yana da abin da ya yi shiru a kansa, shirun Timberborn kuwa yana bakin taswira. Gulbin yakan ɓullo daga wani gefe ya fice ta wani, bayan nan babu komai: babu gari, babu masunci, babu makiyayi mai jiran shayar da garke. Saboda haka rufe ƙofofi ruf lokacin fari ba ya da wani farashi, hasali ma shi ne hikima. Tabkin ba ya cika da yashi da laka, ba ya haifar da sauro ko tsargiya, ba a tashi ƙauyen kowa ba kafin a cika shi. Waɗannan ana iya yafe su, wasa ba littafin injiniya ba ne. Rashin maƙwabcin gangare ne ba na yafewa, domin rigimar madatsa duk a kansa take.

Mai karatu na Maraɗi ya san haka da idonsa. Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake tasowa, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya ratsa Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Mu ne na gangaren Jibiya, mu ne kuma na saman wasu. Madatsar Jibiya, mai ɗaukar kubik mita kusan miliyan 142, alheri ce ga masu noman rani na can, amma ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamarmu. Tun a watan Yuli na 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu, a Maiduguri, kan yarjejeniyar raba ruwan gulaben da suka haɗa su. Takarda irin wannan ba ta da gurbi a duniyar Timberborn, tun da babu wanda za a yi ta da shi.

Abin mamaki, masu wasan sun ƙirƙiri ƙabilu biyu na wannan dabba, ɗaya manoma masu son sarari, ɗaya maƙera masu son inji, sai dai ɗaya kawai ake zaɓa, ba su taɓa zama a gulbi guda ba. Da sun ajiye ta biyun a ƙasan taswira, da gonakinta da ƴaƴanta, ta riƙa aiko manzo duk lokacin da aka rufe ƙofa kwana uku, da mai wasa ya daɗe hannunsa na kan ƙofar nan kafin ya rufe ta.