Bebantakar Khaby Lame

A watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe arewacin Italiya, wani saurayi mai suna Khaby Lame ya rasa aikinsa a wata masana'anta kusa da birnin Torino. Haifaffen Senegal ne, amma tun yana jariri iyayensa suka ƙaura da shi, ya tashi a gidajen talakawa na garin Chivasso. Zaman kashe wando ne ya kai shi ga TikTok. A watan Yuni na 2022 mabiyansa suka haura miliyan 140, ya sha gaban Charli D'Amelio ta Amurka, ya zama na ɗaya a dandalin. Sai bayan wata biyu aka ba shi takardar zama ɗan ƙasar Italiya.

Wasan nasa ba ya da wuyar bayani. Yakan ɗauko bidiyon wani mai nuna dabara, kamar wanda ya sa babbar wuƙa yana feɗe ayaba a tsanake, ko wanda ƙofar mota ta kama masa riga ya sa almakashi ya yanke ta. Sai Khaby ya bayyana, ya ɓare ayabar da yatsu, ko ya buɗe ƙofar, ya shimfiɗa tafukan hannu biyu, ya zuba wa mai kallo ido. Ko uffan ba ya cewa.

Gwanintar tana cikin jinkirin. A dandalin da kowa ke gaggawar cafke ido tun daƙiƙar farko, shi yakan dakata, ya bar fuskarsa ta nuna gajiya irin ta dattijon da yara suka dama. Abin da yake yi suka ce tsantsa: yana tona asirin sana'ar da ke ƙirƙirar wahala don a samu abin ɗauka a hoto. Kuma da yake babu magana, babu buƙatar tafinta; mai kallo a Zinder da na Jakarta wuri ɗaya suke fashewa da dariya. An sha kwatanta shi da Mista Bin na Ingila, kwatancen kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Sai dai wasan na jingina ne. In babu wawan da zai feɗe ayaba, Khaby ba ya da abin yi, kuma dabara ɗaya ce ake ta maimaitawa har ta zama tambari. Tambari kuwa abin sayarwa ne. A 2022 kamfanin tufafi na Hugo Boss ya ɗauke shi talla, hannuwan da suka yi wa almubazzaranci ba'a suka koma nuna haja. Ba laifi ba ne ɗan talaka ya ci guminsa, amma dariyar ta rage kaifi.

Matasan Maraɗi da Tahoua da ke kwaikwayonsa suna gamuwa da wata matsalar daban. Barkwancin Hausa a baki yake zaune: habaici, zaurance, zolayar taubasai, da yadda ƴan kama ke juya karatun malamai ya koma zancen tuwo da miya. Wanda ya rufe baki don ya isa kasuwar duniya ya ajiye mafi kyawun kayan aikinsa a gida. Wanda kuma ya buɗe shi, galibi Kano da Katsina da zangon Kumasi ne iyakar inda muryarsa ke kaiwa, inda masu talla ba su biyan kuɗin Hugo Boss.